Kason Ɗakin Tebur

Sai jarrabawa ta matso ɗaliban lissafin kuɗi na layinmu suke tunawa ina da rai. Su kwaso kwamfutocinsu su cika mini baranda a nan Barnawa, su shanye mini zoɓo, su ce in nuna musu gajeriyar hanya. Makon jiya wata a cikinsu, tana taunar cingam, ta ce, "Baba Shehu, rabon obahed ai ba wani abu ba ne. Ka tara kuɗin, ka raba da awanni, ka ninka. Dannawa ɗaya ce." Na ce mata ta yi gaskiya, ba wuya. Ni ma cikin kwana biyu na yi nawa, ko gumi ban yi ba. Da shi aka rufe ɗakin da mutum sittin suke cin abinci, aka bar wani dattijo yana sunkuyar da kai shekara da shekaru kan laifin da bai yi ba. Tunda kun ce ba wuya, ku gyara zama.

Shekara ashirin da bakwai na yi a ofishin kos na wata masaƙa a Kakuri. Aikinmu ɗaya ne, mu faɗa wa masu kamfani nawa kowane yadi ya ci kafin ya fita ƙofa. Auduga da kala ba su da rigima, kana iya bin sawunsu har kan zanen da ya shanye su. Ladan ma'aikaci ma haka, katinsa na nan, agogo ya buga masa. Rigimar tana wajen kuɗi na uku, wanda ba zane ɗaya da za ka kama ka ce shi ya ci: wutar lantarki, baƙin man boila, gyaran rufi, albashin masu gadi, maganin kilinik, har shayin da manaja ke sha. Shi ne obahed. Dole kowane yadi ya ɗauki kasonsa, in ba haka ba a yi ta sayar da kaya ana murna alhali kuɗi na zurarewa. Abin tambaya shi ne da wane mudu za a auna kason.

Wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san wannan rigima. Gidan da na fara zama a Makera ɗaki tara ne, mita ɗaya. Ranar da takardar wuta ta zo, mai gida ya ce a raba ɗaki-ɗaki. Gwauron da ke da ƙwan fitila ɗaya tal ya ce bai yarda ba, a ƙirga kawuna. Mai 'ya'ya bakwai ta ce 'ya'yanta ba wuta suke ci ba, a ƙirga dutsen guga da firji. Kowa da gaskiyarsa, kuma kuɗin bai ragu da sisi ba, wuyan da zai ɗauka ne kawai ke canzawa. To ku mai da gidan nan masaƙa mai sassa shida, ku miƙa wa mutum ɗaya fensir ku ce ya raba gardama. Abin da aka ɗauke ni in yi ke nan.

Ranar da na fara aiki na zo da sabuwar biro a aljihu, ina ji da kaina. Shugaban ofis, Mista Okoro, wani gajeren Ibo mai tabarau wanda ya tsufa a Kaduna, ya zare biron ya jefa a durowarsa. Ya ce, "Wata uku ba ka da kujera. Je ka bi auduga." Na bi ta kuwa. Daga sito inda ake fasa dila, zuwa ɗakin kaɗi inda gashin auduga ke cika maka hanci, zuwa ɗakin saƙa inda ba a jin magana sai dai a karanta leɓe, zuwa wajen wanki inda akoko ke zama fari, har boila. Kullum kafin a tashi sai ya titsiye ni. Bututun tururin da ya fito daga boila, ina ya fara shiga? Inji nawa ne a layi na uku? Wa ke kashe fitilun ɗakin rini? In na fara sosa ƙeya ya ce, "Oya, koma." Na tsane shi a watan farko, a na uku na fara ɗaukar masa jaka ba tare da ya sa ni ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai babbar takardar nan mai gidaje goma sha huɗu, wadda in ka shimfiɗa ta take rufe tebur har ta zubo. Akwai fensir, don Mista Okoro ya hana biro sai wurin sa hannu. Akwai rular ƙarfe, da takardar kabon ta yin kwafi da ke shuna yatsu har matarka ta ɗauka ɗakin rini aka mai da kai. Sai injin tara lissafi mai mariƙi, ka danna ka ja, ya yi tari ya tofo siririyar takarda. Nawa lamba bakwai ɗinsa tana maƙalewa, sai ka lallashe ta da ɗan yatsa. Ƙarshen wata a kawo katunan agogo a ɗaure da roba, sashe-sashe. Mu jera kuɗin obahed a hagu, sassa a sama, mu shiga sauke wa kowa kayansa. In jimlar tsaye da ta kwance suka haɗu, Mista Okoro ya aika a sayo mana gyaɗa da ayaba. In suka saɓa da kwabo biyar, ranar ba mai fita cin abinci.

Mudun da muke awo da shi awannin ma'aikata ne. Sashen da ya fi tara awanni shi ya fi ɗaukar kaya. A zamanin nan mudun daidai yake, domin tsofaffin injina ne, kowane inji da mutum a gindinsa. Inda ka ga mutane da yawa, nan injina suke da yawa, nan wuta take tafiya. Amma wata rana muna cin gyaɗarmu Mista Okoro ya buga rula a kan takardar ya ce, "Shehu, mudun nan na yau ne. Ranar da inji ya canza, ka jefar da shi ka nemi wani." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa manya.

Ku da kuka taso kuka tarar da Kakuri shiru ba za ku gane ba. Jiniyar ƙarfe biyu in ta yi kuka, masu aikin safe su fito, masu aikin rana su shiga, titi ya cika da kekuna har mota ta rasa inda za ta bi. Mutumin Kafanchan, mutumin Zariya, Tibi, Ibo, Igala, kowa da auduga a ka, yaro da babba duk sun yi furfura. A bakin get Maman Ngozi na zuba shinkafa da wake, Hajiya Talatu na kwasar tuwo, kuma su biyun sun fi mu 'yan ofis sanin ranar da albashi zai fito. Ƙasa kanta rawa take yi a ƙarƙashin ƙafarka saboda injinan saƙa. Har gobe in na bi ta wajen a keke mai ƙafa uku kunnena yana neman wannan ƙarar, sai dai in ji awaki a cikin ciyawa. Ina kewar wurin nan ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Odar da ba na mantawa ita ce ta matan zumunta na wani coci a Sabon Tasha. Turmi ɗari biyu suke so, shuɗi da fari da ruwan ƙwai, da sunan cocinsu a kewaye da kurciya. Ƙaramin aiki irin wannan ba a kai shi wajen manyan injina, ɗakin tebur ake kai shi, inda ake buga zane da hannu. Dogon ɗaki ne mai tagogin gilashi a rufi, da tebura shida, kowanne sai ka yi tafiya kafin ka kai ƙarshensa. A shimfiɗa farin yadi a manne shi sumul. Mutum biyu su tsaya suna fuskantar juna, su ɗora firem mai ɗauke da zanen, a zuba kala, wannan ya ja katako mai bakin roba ya miƙa wa wancan a tsakiya ba tare da ya tsaya ba. Su ɗaga, su tsallake gida ɗaya don kada ɗanye ya taɓa ɗanye, su sake ɗorawa. In an gama a rataye yadin a sama iska ta busar da shi. Ba ƙarar inji a ɗakin nan. Shi ne kaɗai wurin da za ka ji ma'aikata suna waƙa a duk masaƙar.

Heluman ɗakin sunansa Yohanna, dogon mutum daga kudancin jihar nan, wanda in kana son sanin launin da aka buga a mako sai ka dubi hannuwansa. Ya girme ni da shekara goma. Ina ce masa Baba Yohanna, yana ce mini Akawu. Shugabar matan zumuntar nan ta kafe a kan ruwan ƙwan nan sai ya zama irin na kazar gida, ba na kazar gidan gona ba. Sau uku Baba Yohanna yana dama kala, sau uku tana girgiza kai. A na huɗu ya aika gida aka kawo ƙwai, ya fasa a faranti a gabanta, ya ɗiga kalarsa a gefe. Ta duba ta duba, ta kwance bakin gyale ta biya kuɗin duka nan take. Haka masu zuwa ɗakin tebur suke, masu anko, makarantu, ƙungiyoyin gari, kowa da kuɗinsa a hannu kafin a shimfiɗa yadi.

Shekarar da Mista Okoro ya yi ritaya ya koma garinsu, ita ce shekarar da aka kawo injin rotari. Kujera ta zama tawa. Injin nan abin kallo ne, tsawonsa ya kai rabin ɗaki, yana buga launi takwas a tafiya ɗaya, mutum biyar ke kula da shi. Sai dai ci gare shi. Yana shan wuta, yana shan tururi don busar da yadi, in ƙaramin ƙarfe ya karye sai an aiko da shi daga ƙasar waje tare da mai ɗaurawa. Ga inji ya canza a gaban idona, har ni aka yi hoto a gefensa ranar buɗewa. Amma ƙarshen wata ya zo, katunan agogo suka zo a ɗaure da roba, na tara awanni na raba kamar yadda na saba. Jimla ta haɗu, na aika aka sayo gyaɗa da ayaba. Shekara shida ina haka ba wanda ya ce mini kanzil, don lokacin ana samu, kuma in ana samu ba mai tambayar wa ya ɗauki kayan wa.

Sai muguwar shekara ta zo. Wuta ta koma zuwa kamar baƙuwa, masaƙa ta koma kan janareta, janareta kuwa man dizal take sha ba ji ba gani. Baƙin man boila ya yi tsada, wani lokaci ma a nema a rasa. A kasuwa ga atamfar da ake shigowa da ita ta bayan fage, an kwaikwayi zanenmu har da tambarin gefe, ana sayarwa ƙasa da kuɗin audugarmu. Obahed ya kumbura ya fi kowane kuɗi girma. Wata Talata babban manaja ya kira ni ya ce masu kamfani za su zauna, suna son sanin sashen da ke cin riba da wanda ke jawo asara, in kawo masa takarda ranar Alhamis. Na ce an gama. Na tara, na raba da awanni, na ninka. Mutum sittin na ɗakin tebur suka kwashi kaya niƙi-niƙi, mutum biyar na rotari suka ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙasan gidan ɗakin tebur na rubuta asara da jan fensir, na zare biro na sa hannu.

A masaƙa magana ba ta kwana. Ranar Juma'a da hantsi Baba Yohanna ya shigo ofishina, karo na farko a rayuwarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata mana takardu da hannunsa.

"Akawu, an ce mu ne asara."

Na ce, "Baba, ba ni na ce ba, lissafi ne ya nuna."

"To. Ni ban yi boko mai nisa ba. Amma in tambaye ka. Wannan mai na janareta, an sa mana shi?"

"An sa wa kowa."

"Namu ya fi na rotari?"

Na duba takarda na ce ya fi, nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Shekaranjiya janareta ta mutu tun safe har la'asar. Duk masaƙa ta tsaya. Ka san wa bai tsaya ba? Mu. Rana ce fitilarmu, hannu ne injinmu. Ban sani ba ko a lissafi mutum ma yana shan dizal." Ya juya ya fita, ya ja mini ƙofa a hankali.

Asabar da Lahadi na dawo masaƙa da tsohon takalmina, na yi abin da rabona da yi tun ina sabon shiga: na bi bututu. Na bi na tururi daga boila, na ga katon reshe ya nufi rotari, wani siriri kamar yatsa ya nufi inda ake turara yadin ɗakin tebur don kala ta kama. Na sa mai gyaran wuta ya buɗe mini akwatunan layi, ya gaya mini abin da kowane sashe ke ja. Na ɗauko littafin makanikai na ƙirga ranakun da suka yi a kan kowane inji. Na shimfiɗa sabuwar takarda, wannan karon kowane kuɗi da mudunsa. Wuta da dizal bisa abin da inji ya ja, tururi bisa bututu, gyara bisa littafin makanikai, rufi da gadi bisa faɗin ɗaki, kilinik da kantin abinci su kaɗai bisa kawuna. Jimlar ƙarshe ba ta canza da kwabo ba. Amma jan fensir ya tashi daga ɗakin tebur ya koma ƙarƙashin rotari. Ashe duk masaƙar ba sashen da ya kai ɗakin tebur kawo riba a kan kowane yadi. Shekara shida suna ɗauke da kayan wani.

Litinin da sassafe na kai wa babban manaja. Ya karanta a tsaye, ya buɗe durowa ya ciro kwafin ta farko, ya jera su a kan tebur. Ya ce takardar Alhamis ta riga ta tafi wajen masu kamfani, sun gani, sun yanke shawara. Rotari kuwa su suka zaɓo shi da kansu, ba mai zuwa ya ce musu shi ne ciwon. Sannan ya nuna ƙasan takardun da biro.

"Malam Shehu, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"To wacce ce ƙarya a ciki?"

Amsar tana bakina. In ce ta farko kuskure ce, kuma kuskuren nawa ne na shekara shida. Amma na san mai faɗin haka ba zai kai ƙarshen wata a kujerarsa ba, ga yara huɗu a makaranta. Sai na ji bakina ya ce, "Duka biyun lissafi ne, ranka ya daɗe. Ya danganta da mudun da aka ɗauka." Ya ce madalla, ashe ba matsala. Ya mai da ta farko durowa, ya miƙo mini ta biyu. Na ninke ta huɗu na sa a aljihu. Ku lura, ban yi ƙarya ba, abin da na faɗa yana cikin littattafanku, za ku iya rubuta shi a jarrabawa ku ci maki. Amma a duk abin da na taɓa faɗa a duniya ba wanda nake jin kunyarsa kamar wannan.

Ƙarshen watan aka liƙa sanarwa a allo cewa an rufe ɗakin tebur saboda yana jawo wa kamfani asara. Kalmar nan ta bi su har gida. Masu tsoron kada layi ya zo kansu suka riƙa cewa dama 'yan waƙa ne, su suka cinye mu. Na tsaya a tagar ofis na ga Baba Yohanna ya sa an wanke firem ɗaya bayan ɗaya, an jera su a bango bisa lamba, kamar gobe za a dawo. Sannan ya miƙa makulli a get ya tura kekensa, bai hau ba. Wata na gaba na shimfiɗa takarda. Dizal bai ragu ba, baƙin mai bai ragu ba, albashin masu gadi na nan. Abin da ya tafi kuɗin masu anko ne da matan zumunta. Kayan da ɗakin tebur ke ɗauka ya faɗo kan ɗakin rini, shi ma ya yi ja, aka rage shi. Daga nan ya faɗo kan saƙa. Ba zan ce takardata ce ta kashe masaƙa ba, abubuwan da suka kashe ta sun fi ƙarfin fensir. Amma na san wanda ya nuna inda za a fara yanka. Bayan 'yan shekaru jiniya ta yi kukan ƙarshe, ni ma na fito da kwalin takarduna.

Tun daga nan nake 'yan ƙananan ayyuka, yau gidan burodi, gobe masu ruwan leda. Bara Hajiyar da nake duba wa lissafin gidan burodinta ta ce tana son a buga sunan shago a rigunan ma'aikata, aka ce akwai wani tsoho a Trikania da ba a kai shi iya bugu ba. Na ɗauki rigunan na tafi. Wani ɗan shago ne a jikin gida, teburin bai wuce tsawon ƙofa ba, an jingina ƙananan firem a bango bisa lamba. Tun kafin ya ɗago na gane hannuwan. Ya tsufa, ya ranƙwafa, amma jan robar nan na nan yadda yake, sau ɗaya, ba tsayawa.

"Akawu! Kana duniya?"

Ya share mini benci, ya kira matarsa Saratu ta kawo kunu. Muka yi ta lissafa mutane, wane ya koma ƙauye, wane yana gadi, wane ya riga mu. Na tambaye shi me ya sa ba a ganinsa a taron tsofaffin ma'aikata. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Da wane ido? In je in zauna da mutanen da muka jawo musu? Ai mu muka fara huda jirgin." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "A'a, Akawu, ban taɓa riƙe ka ba. Aikinka ka yi. Na yi maka tambayata ta jahilci, na ga ba abin da ya canza, na san lissafi ya fi ni gani. Yarana sittin, na ɗauka ina koya musu sana'a, ashe nauyi muke."

Na ajiye kunun na yi musu sallama. Washegari na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun makaranta, na ɗauko ta. Ta yi ruwan ƙasa, ninkin ya fara tsagewa, amma fensir ba ya gudu. Na koma Trikania na shimfiɗa masa ita a kan teburin bugu, ta rufe shi har ta zubo. Na bi da shi gida-gida, ga dizal, ga tururi, ga gyara. Na gaya masa ranar da na yi ta, da wanda na kai wa, da tambayar da aka yi mini, da amsar da na bayar. Ban rage komai ba. Ya sa tabarau ya bi layin ɗakin tebur da yatsa har ƙasa.

"Wannan ba ja ba ne."

"Ba ja ba ne, Baba."

"Wato riba muke ci."

"Kun fi kowa."

Ya cire tabarau ya ɗaga murya. "Saratu! Zo ki ji. Ashe ba mu ba ne." Ta fito da ludayi a hannu, ya sake faɗa mata, ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da zane. Shi kuwa ya juyo ya dube ni, ya ce, "Shekara nawa takardar nan tana akwatinka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Bitrus ya mutu bai sani ba. Malam Tanko ma. Danladi da ya fi kowa iya jan roba, har ya mutu ba ya faɗa wa 'ya'yansa sashen da ya yi aiki." Na ce ya yafe mini. Ya ninke takardar bisa tsohon ninkinta, ya ajiye a kan kanta inda kala ba za ta taɓa ta ba, ya ɗauko rigunan Hajiya ya buga su ɗaya bayan ɗaya ina zaune. Ban taɓa jin zama ya yi mini tsawo haka ba.

Da ya gama ya wanke hannu, ya shiga ciki ya fito da riga mai tsabta da hula. Ya ɗauki takardar ya sa a hammata.

"Akawu, akwai mai hoton takarda a bakin titi, amma injinsa ƙarami ne, sai dai a yi ta gida-gida a liƙa. Kai ka san yadda take haɗuwa. Tashi mu je."

Na ce kwafi nawa za a yi.

Ya ce, "Ashirin da uku. Mu ke nan da muka rage, kuma na san gidan kowa."